Neman shawara: in ba mujallar ɗalibai maƙalata ko in riƙe abata?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema, kaina ya kulle wlh. Ina digiri na uku a sashen nazarin harshe amma aikin nawa ya shiga gonar 'yan lafiya, ina duba yadda masu ciwon suga ke bayanin ciwonsu da yadda ma'aikatan asibiti ke fahimtar abin da suka faɗa, hirarraki na yi da mutane na nazarci kalamansu. Na ciro maƙala daga ciki na tura wa wata mujallar harshe, ko wajen masu bita (masanan da ke tantance maƙala kafin a buga ta) ba ta kai ba editan ya dawo min da ita wai wannan aikin 'yan lafiya ne, na kai wa ta lafiya su kuma suka ce mutanen da na yi hira da su sun yi kaɗan kuma babu alƙaluma. To yanzu na ga sanarwar wata mujalla da ɗaliban mastas da PhD ke gudanarwa a wata jami'a, su ne editocin, kuma sun ce aikin da ya haɗa fanni biyu ko uku suke nema, ba sa karɓar ko sisi. Malamin da ke duba aikina ya ce kar in ɓata lokacina. In tura ko kar in tura? Kuma in sun buga, zan iya kai ta babbar mujalla daga baya?

Wani da ya taɓa zama edita a irin mujallar:
Wa alaikissalam 'yar uwa. Na yi aiki a irinta lokacin ina ɗalibi, bari in gaya miki abin da ke ciki. Masu kyau daga cikinsu bita suke yi na gaske, ana cire sunanki kafin a ba mai bita, ke ma ba za ki san ko wane ne ba, kuma sau da yawa ɗalibi ya fi farfesa zama ya karanta miki layi-layi saboda shi ma koyo yake kuma yana tsoron a ce bai yi aiki ba. Wannan ribar ba ƙarama ba ce. Matsalar ita ce editocin kammala karatu suke yi su tafi, bana mujalla na tashe baɗi babu mai amsa imel, wata ma shafin nata gaba ɗaya ya ɓace da maƙalun mutane a ciki. Don haka kafin komai ki buɗe tsofaffin fitowarsu ki gani, suna fita a kai a kai ko akwai shekarun da suka yi shiru? Akwai malamai a kwamitin da ke sa musu ido? Ɗakin karatun jami'ar ne ke riƙe da shafin ko wani ɗalibi ne ya buɗe da kansa? Sannan ki duba ko suna da ISSN (lambar shaidar mujalla) kuma kowace maƙala na samun lambar DOI (lambar dindindin da ake nemo maƙala da ita a intanet), don in akwai DOI mai neman aikinki zai same shi ko an canza adireshin shafin, matuƙar akwai mai kula. Ki rubuta musu ki tambaya su wa ke yin bitar, ba rashin kunya ba ne, mu ma an sha tambayarmu.

Wani malamin jami'a:
Ƙanwata, amsar tambayarki ta biyu a'a ce, kuma ita ce ta fi muhimmanci. In suka buga ta bugu, ba za ki ɗauki maƙalar nan ki kai wani wuri a matsayin sabuwa ba, buga abu ɗaya sau biyu laifi ne da kan sa a janye maƙala, ƙungiyar COPE da ke tsara ƙa'idojin ɗa'ar wallafa tun 1997 tana da bayani a kai. Haka tura wa mujallu biyu a lokaci guda. Shi ya sa ban ga laifin malaminki ba duk da ya faɗe ta a gajarce. Ranar da za ki nemi aiki ko tallafin bincike, masu tantancewa da yawa abin da za su fara dubawa shi ne ko mujallar na cikin Scopus ko Web of Science, wato manyan rumbunan da ke jera mujallun da suka tantance, kuma mujallun ɗalibai galibi ba sa ciki. In wannan maƙalar ce zuciyar kundinki, ki riƙe ta.

Wani ɗan mastas:
Amma Dakta ai Harvard Law Review ɗalibai ne ke gudanar da ita tun 1887, Obama ma ya shugabance ta a 1990 yana ɗalibi, kuma manyan farfesoshi ke rububin bugawa a ciki.

Malamin jami'ar:
Gaskiya ne, amma wannan tsarin fannin shari'a ne a Amurka, a can manyan mujallun fannin dama a hannun ɗalibai suke. Ba haka yake a harshe ko lafiya ba, kar mu ruɗe ta.

Wata 'yar PhD a fannin zamantakewa:
Ni fa ina ganin ba a taɓo ainihin ciwon ba. 'Yar uwa, ba wai aikinki ba shi da gida ba ne, ƙofofin da kika buga ne ba nasa ba. Akwai mujallun da dama don irin aikin nan aka kafa su, ki duba Qualitative Health Research da Health Communication da Social Science & Medicine, a nan babu mai ce miki hirarraki ba bincike ba ne. Hanya mafi sauƙi, ki buɗe jerin manazartarki ki ga wace mujalla ce ta fi yawan fitowa a ciki, yawanci nan ne masu karatunki suke.
Sai abu na biyu, kuma ki yi haƙuri zan faɗa kai tsaye, mu masu haɗa fannoni mun cika rubutu kamar mai karatu ya zauna aji ɗaya da mu. Mai bitar da ya fito daga lafiya bai san ra'in nazarin zance da kika dogara da shi ba, ɗan harshe kuma bai san me ya sa rashin fahimtar umarnin shan magani yake da haɗari ga mai suga ba, dole gabatarwar ta ɗauki kowanne ta kai shi inda ɗayan yake tun a shafin farko. Kuma maganar yawan mutane kar ki jira a tambaye ki, ki bayyana yadda kika zaɓe su da dalilin da ya sa kika tsaya a inda kika tsaya, da cewa ba ƙidaya kike yi ba ma'ana kike bi. Takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike ma ki ambace ta, mujallun lafiya ba sa wasa da ita.

Tsohon editan:
Na yarda da Dakta kan babbar maƙalar, amma kar ki yar da mujallar ɗaliban. Ba ki da wani ɗan abu a gefe? Sharhin littafi, ko gajeriyar maƙala kan wahalar juya hirar marasa lafiya zuwa rubutu, ko takardar da kika gabatar a semina wadda ba za ta shiga kundi ba. Ki ba su wannan, ki koyi yadda ake amsa wa masu bita ɗaya bayan ɗaya ba tare da zuciya ta ɗebe ki ba, gara ki koya a nan da ki koya a hannun babbar mujalla. In suna neman masu bita ma ki sa kanki, ni sai da na yi bitar aikin wasu na fara ganin ramukan da ke nawa.

Wani mamba:
A dai tabbatar ta jami'ar ce da gaske. Mujallun damfara ma suna iya cewa kyauta ne, sai an karɓi maƙala su turo takardar biyan kuɗi. Jerin da wani ma'aikacin ɗakin karatu a Amurka, Jeffrey Beall, ke yi na irinsu ya sauke shi tun farkon 2017, kwafin da ke yawo wasu sun tsufa, gara ki neme ta a DOAJ, shafin da ke jera tantantattun mujallun da ake karantawa kyauta, in ba ta nan ba lallai ta bogi ba ce amma sai ki ƙara bincike. Ki karanta yarjejeniyar haƙƙin mallaka kuma kafin ki sa hannu.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na duba, a shafin ɗakin karatun jami'ar take kuma akwai DOI, sai dai akwai shekarar da ba su fito ba. Babin sakamakon bincike ne na ciro maƙalar daga ciki, don haka zan riƙe ta in gyara gabatarwar kamar yadda 'yar uwata ta ce. Ina da wata takardar semina kan rubuta hira, ita zan ba su. Dakta, sai na nemi izinin malamina kafin in tura wannan ɗin ma?

Malamin jami'ar:
Ki gaya masa, musamman in za ki yi amfani da kalaman mutanen da kika yi hira da su, kuma ku daddale maganar ko sunansa zai fito a kai kafin ki tura, ba bayan an karɓa ba.