Neman kalma: me za mu kira "radar" da Hausa?

Salamu alaikum malaman Hausa da masu aikin fassara na Gombe da Bauchi. Taimakonku nake nema a kan kalma ɗaya. Muna haɗa shirin kimiyya a wani gidan rediyo nan Gombe, a kan yadda masu binciken teku ke kafa radar a bakin gaɓa su auna tafiyar ruwa, su kuma bi jiragen ruwan da ke wucewa. Komai ya fassaru lafiya, sai sunan na'urar. Kafin ku kawo shawara bari in faɗi aikinta, kada mu raɗa wa abu suna ba mu san halinsa ba.

Wannan na'ura ba ta da ido, ba ta ɗaukar hoto. Eriya ce ake kafawa a bakin teku, dogayen sanduna a tsaye cikin rairayi, ta aika igiyar rediyo kan ruwa ta jira abin da zai dawo. Igiyar rediyo na cin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Idan jirgi yana nisan kilomita 30, zuwa da dawowa kilomita 60 ke nan, wato kashi ɗaya cikin 5,000 na daƙiƙa. Da wannan ɗan jinkiri ake lissafa nisansa. Saurinsa kuwa daga canjin da aka samu a igiyar da ta dawo ake gane shi, kamar yadda jiniyar motar asibiti ke yin tsini in ta nufo ka, ta yi kauri in ta wuce.

Abin da ya fi burge ni shi ne irin da masu binciken teku ke amfani da ita a gajeren zango take aiki, zangon nan da iyayenmu ke murɗo labaran duniya a kan mita 49 da 31 da 25. Ruwan gishiri na riƙe wannan igiya ta bi fuskar teku har ta wuce inda ido ke ganin sama ta haɗu da ruwa, masu cin nisa a cikin waɗannan na'urori sukan kai wajen kilomita 200. Wani masani mai suna Crombie ne ya gano a 1955, a ƙasar New Zealand, cewa raƙuman ruwan da suka fi mayar da amsa su ne waɗanda tsawonsu rabin zangon rediyon ne. In zangon mita 24 ne, raƙumin mita 12 ne zai amsa. Daga nan aka samu hanyar auna gudun ruwa ba tare da an shiga teku ba, amma sai da tashoshi biyu a wurare daban kafin a san ainihin inda ruwan ya nufa. Jirgi kuma ƙarfe ne, tasa amsar daban take fitowa. Ga mai auna ruwa wannan hayaniya ce da yake son sharewa, ga mai neman jirgi kuwa ita ce abin nema.

To, bayan na aika wannan tambaya, ga shawarwarin da suka shigo.

Malama mai koyar da Hausa a Bauchi, na ga kin ce a ari kalmar kawai a ce "rada", yadda muka ari rediyo da talabijin. Malama, ba na ƙin aro ko kaɗan. Kalmar ma a Turancin ƙirƙirarriya ce, sojojin ruwan Amurka suka haɗa ta a 1940 daga farkon haruffan wata jimla mai nufin ganowa da auna nisa da rediyo. Matsalata rubutu ne. Mutum nawa ke sa ƙugiya a waya? Ki rubuta "an gano jirgin ta hanyar rada", mai karatu zai ɗauka raɗa aka yi, wani ya tsegunta. A baki ana iya bambanta su, a allo ba a iyawa, kuma yau allon ya fi yawa.

Ƙanina ɗalibin Jami'ar Kashere ya kawo "na'urar hangen nesa". Ƙanina, wannan tana da mai ita. Tabarau mai baki biyu da mafarauta da sojoji ke ɗorawa a ido, da wadda ake duban wata da taurari, duk da ita ake kiransu. Waɗannan gilashi ne da haske, hazo ya rufe sun tashi aiki. Ita kuwa radar dalilin ƙera ta ke nan: Bajamushe Christian Hülsmeyer ya gwada tasa a 1904 a birnin Kolon, bakin kogin Rhine, don jirage su daina karo cikin hazo da duhu.

"Amsa-kuwwa" da Baba Alhaji ya kawo, Allah ya ƙara girma, a wajen bayyana yadda abin ke aiki babu wadda ta kai ta. Sai dai Baba, lasifika ta riga mu. Ka ce an kafa amsa-kuwwa a bakin teku, mutumin Kumo zai ɗauka wa'azi za a yi. "Na'urar hango jirage" da 'yan jarida ke yawan faɗa tana biyan buƙata a labarin filin jirgin sama, amma me za mu yi da ita ranar da aka ce na'urar ruwan sama take aunawa, ko gudun teku, ko saurin mota a hanya?

Wadda ta tsaya mini a rai ita ce ta Malam mai koyar da kimiyya a Azare: matsinkayi, daga tsinkaya. Ginin kalmar na gida ne, irin na mabuɗi da ma'auni da magogi, jam'i kuma matsinkayai. Na ga wani ya ce ai tsinkaya ma da ido ake yi, me ya bambanta ta da hange? Ɗan'uwa, a nan ne kalmar ta ci. Bahaushe in ya ce ya tsinkayo mutum, yana nufin ya san akwai wani can yana tafe, bai kai ga gane fuskarsa ba. Daidai abin da na'urar ke bayarwa ke nan. A fuskar kwamfuta ɗigo kawai za ka gani, da nisansa da saurinsa. Ba za ta gaya maka sunan jirgin ba, ko tutar ƙasar da yake ɗauke da ita, ko abin da ya ɗauko.

Sunan jirgi daga wata na'ura yake fitowa, AIS, wadda dokar sufurin teku ta duniya ta wajabta wa manyan jirage masu zirga-zirga tsakanin ƙasashe, daga tan 300 zuwa sama. Jirgi ne da kansa ke shelar sunansa da inda yake. Shi ya sa a gwajin bincike ake ɗora biyun: a ɗauki ɗigon da eriyar gaɓa ta tsinkayo, a gwada da abin da jirgin ya faɗa a kan kansa, a ga ko sun dace. Mai satar ɗanyen mai ko mai kamun kifi ba izini yana iya kashe AIS ɗinsa ya yi shiru. Ƙarfen jirginsa kuwa ba shi da makunni, dole ya mayar da amsa. Nijeriya, ƙasar da ke da gaɓa mai tsawon kilomita 853 a Mashigin Gini, da cibiyar binciken teku a Legas tun 1975, bai kamata a ce masu magana da Hausa ba su da sunan wannan abu ba. Yaranmu na zuwa makarantar horon aikin jiragen ruwa ta Oron, suna shiga sojan ruwa, su dawo hutu iyaye na tambayarsu aikin da suke yi.

Malama ta sake cewa kunne zai iya jin "matsi" a farkon kalmar. Gaskiya ne in an karya ta, amma a ɗaga murya tun daga farko har ƙarshe kamar yadda ake faɗin mabuɗi, za ki ji ta zauna. Mun gwada da masu karanta labarai biyu a ɗakin shiri, babu wanda harshensa ya sarƙe.

Don haka a shirin za mu ce matsinkayi, na bakin teku kuma matsinkayin gaɓa. A karon farko za mu haɗa da "wato radar" don wanda ya saba da ita. Bibiyar jirgi kuwa "bin sawu" muka ɗauka, mun bar "bin diddigi" ga masu binciken laifi da 'yan jarida.

Wani ya tambaya ko sunan zai hau kan sonar, na'urar gano abin da ke ƙarƙashin ruwa. A'a. Igiyar rediyo ba ta nisa a cikin ruwan gishiri, shi ya sa mai neman abin da ke ƙarƙashin teku da sauti yake aiki. Wannan tana buƙatar nata sunan, kuma Baba Alhaji, ina ganin a can ne za a sake duba amsa-kuwwarka. Masu shawara a kanta, bismillah.