Ɓarayin burodi ne, ko ɓarayi kawai?

Ɗan Auta: Salamu alaikum jama'a. Na ji yanzu mutanen Ostireliya har alfahari suke yi idan suka tono asalinsu suka tarar kakansu fursuna ne da Ingila ta koro. Ni ban ga laifinsu ba. Ai waɗancan ba masu laifi ba ne, talakawa ne da yunwa ta sa suka ɗauki burodi, aka loda su a jirgin ruwa sai bangon duniya. Duk wanda ya samu irin wannan kakan, wanda aka zalunta ya samu.

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. Auta, na karɓi rabin maganarka, rabin kuma riƙe abinka. Daga 1788, lokacin da jiragen farko guda 11 suka isa Sidni ƙarƙashin Arthur Phillip, zuwa 1868 da jirgin ƙarshe ya sauke mutane a Fremantle, a yammacin ƙasar, an kai fursunoni wajen 162,000, mata kusan 25,000 a ciki. Gaskiya ne mafi yawansu sata ce ta kai su, don a zamanin mai kisan kai galibi rataye shi ake yi. Amma satar me? Tufafi, agogo, tumaki, dawaki, yankan aljihu, fasa gida. Da yawa kuma ba ranar suka fara gurfana gaban alƙali ba. Labarin burodin nan jikoki ne suka fi son sa.

Ɗan Auta: Malam, to ko riga ce. Riga ɗaya a raba mutum da uwarsa har abada?

Malamin Tarihi: Ban ce hukuncin adalci ba ne. Dokar Ingila ta lokacin tana da laifuffuka sama da 200 da ake kisa a kansu, kora ma sassauci aka ɗauke ta: shekara 7, 14, ko rai da rai. A ayarin jirage na biyu, na 1790, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na fursunonin a teku suka mutu. Mugun hukunci daban, wanke mutum daga laifi daban.

Yaya ta Hobart: Bari in sa baki tunda a Hobart nake karatu, babban birnin tsibirin Tasmaniya na Ostireliya, kuma nan ne cibiyar abin. Da can sunan tsibirin Van Diemen's Land, an daina kawo fursunoni a 1853, aka sauya suna a 1856, har da neman rabuwa da wancan tabon. Abin da ke ba ni mamaki, fursuna ya fi ɗan halas ɗin da ya zo da kuɗinsa sauƙin bincike. Gwamnati ta rubuta tsawonsa, launin idonsa, tabon jikinsa, jarfar da ke hannunsa, sana'arsa, garinsu, jirgin da ya kawo shi, don in ya gudu a kamo shi. Akwai kundin hali da ake shigar da kowace bulala da kowane maye. Shari'o'in kotun Old Bailey ta Landan daga 1674 zuwa 1913 suna intanet kyauta, sai ka karanta abin da shaidu suka faɗa. Auta, je ka karanta goma ka dawo mu ji burodi nawa ka ƙirga.

Kawu: Ni duk wannan tone-tonen ban gane amfaninsa ba. Allah Ya rufa wa mutum asiri shekara 200, sai tattaɓa-kunnensa ya zo da kwamfuta ya bankaɗo? Iyayensu da suka ɓoye ba wawaye ba ne.

Yaya ta Hobart: Kawu, ɓoyewar ma ba ta zo da alheri ba. Iyalai sun riƙa ƙirƙiro wa kaka wani labari, a ce matuƙin jirgi ne ko soja. Ana ƙiyasta ɗaya cikin biyar na mutanen ƙasar jinin fursunoni ne, ka ga yawan ƙaryar da aka shuka. Yanzu tsohon gidan yarin Port Arthur na Tasmaniya da barikin fursunoni na Hyde Park a Sidni suna cikin wurare 11 da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2010.

Malamin Tarihi: Da ana ɓoye ɓarawo, yanzu ana mayar da shi waliyyi, duk gudun takardar ake yi. Mu ma nan kowa ka tambaya salsalarsa sai ya kai ka gidan sarauta ko zauren malami, ka rasa ina jikokin sauran jama'a suka shige.

Ɗan Auta: To ina za ku kai mutanen Tolpuddle? Leburorin gona shida a Dorset ta Ingila, 1834, rantsuwar ƙungiya kawai suka yi don an rage musu lada, aka ba su shekara 7. Su ma ɓarayi ne? Ga Mary Reibey, yarinya ƙarama aka kama ta da doki, yau hotonta na kan takardar dala 20 ta ƙasar.

Malamin Tarihi: Na Tolpuddle ka yi gaskiya, har afuwa aka yi musu a 1836 saboda ihun jama'a. Amma fursunonin siyasa 'yan kaɗan ne cikin 162,000. Mary Reibey kuwa da bakinka ka ce doki.

Hajiya Babba: Ku dakata, akwai waɗanda ba ku ambata ba. Ƙasar da aka sauke su ba kango ba ce, da masu ita. A Myall Creek, 1838, an kashe 'yan asalin ƙasar aƙalla 28, galibi mata da yara da tsofaffi, kuma masu kisan kusan duka fursunoni ne da tsofaffin fursunoni makiyaya. An rataye bakwai. Wanda aka zalunta a Landan yana iya zama azzalumi a daji. Mai bin salsala in ya tsaya a ranar da jirgi ya sauka, bai gama ba, ɗana.

Ɗan Auta: Hajiya, wannan kam ya yi nauyi. Amma ban janye ba cewa talauci ne tushen abin.

Kawu: Ni tambayata, me ya sa sai Ostireliya? Duk faɗin duniya?

Malamin Tarihi: Amurka ake kai su da, wajen 50,000, har yaƙin neman 'yancinta ya toshe hanya. Saura kaɗan ma a jibge mana su: a 1782 an kai wasu gaɓar da ake kira Gana yanzu a matsayin sojoji, zazzaɓi ya cinye da yawa. A 1785 aka yi shawarar wani tsibiri a kogin Gambiya, aka fasa. Kuma a jiragen farko akwai baƙaƙen fata, irin su John Caesar da ya gudu daji aka harbe shi a 1796.

Ɗan Auta: Yaya, in mutum yana da suna kawai, daga ina zai fara?

Yaya ta Hobart: Suna kaɗai tarko ne, John Smith sun fi a ƙirga, wasu ma da sunan ƙarya aka yanke musu hukunci. Ita kanta Mary Reibey da shigar maza da sunan namiji aka kama ta. Daga kansa zai fara ya koma baya ta takardun haihuwa da aure da mutuwa, har ya samu sunan jirgi da shekarar sauka, don da su ake bambance fursunoni. Sai ya nemi takardar sakin talala da ta afuwa, da ƙidayar 1828 in a New South Wales, inda Sidni take, aka sauke shi. In kakan ɗan Ailan ne, wajen kashi ɗaya cikin huɗu kuwa su ne, ya shirya wahala: rajistocin kora na kafin 1836 sun ƙone a gobarar ma'ajiyar takardu ta Dublin a 1922, sai dai ya bi ta jaridu da takardun roƙon afuwa.