Shawarar da ta ceci kayan sautinku: godiya ga manyanmu na Kano

Daga Gwammaja:
Assalamu alaikum. Akwai manya a cikinmu waɗanda sauti ba sana'arsu ba ce, sha'awa ce kawai, amma sun san cikin amfilifaya ciki da bai. Ba sa karɓar ko sisi, kuma idan sun hana ka abu sai sun faɗa maka dalili. Kowa ya kawo shawararsu ɗaya da ya gwada ta yi aiki, sabbin shiga su amfana.

Daga Fagge:
Wa alaikumus salam. Tawa ita ce lissafin om, wato ma'aunin yadda sifika ke tare wuta, Allah ya saka wa Malamin da ya koyar da mu. Sifika biyu masu om 8 idan ka haɗa su a baki ɗaya, ja da ja, baƙi da baƙi, sun koma om 4. Biyu masu om 4 sun koma om 2, kuma yawancin amfilifayar gida ba ta ɗaukar haka. Za ta ja wuta fiye da ƙarfinta, ta yi zafi, ko dai ta riƙa kashe kanta ko tiransistocin fita su ƙone. Duba rubutun da ke bayan amfilifayar, ka ga om nawa take ɗauka, kafin ka ƙara sifika. In takardar jikin sifika ta goge, auna da mitar lantarki: mai om 8 takan nuna wajen 6, ba matsala ba ce.

Daga Kurna:
Haka yake, Yaya. Ni kuwa kayan gwanjo na Sabon Gari zan taɓo. Wutarmu bolt 230 ce. Kayan Japan da yawa na 100 ne, na Amurka na 120. Wanda ya soka su kai tsaye a bango, in ya yi sa'a fiyus ne zai tafi, in bai yi ba taransifomar cikin kayan ce. Abin da manya suka ƙara mana shi ne, taransifomar rage wuta da ta cika kasuwa 110 take bayarwa. Ta yi wa na Amurka daidai, amma ta ɗan yi wa na Japan yawa, shi ya sa yake ɗaukar zafi. Sannan a sayi wadda ta fi kayan ƙarfi: in an rubuta wat 300, nemi ta 500.

Kafin ka jona sifika a tsohuwar amfilifaya, kunna ta ba sifika, murya a ƙasa, ka bar ta minti 10. Sa mita a DC, wato wuta irin ta batiri, ka auna bakin da ake jona sifika. Ƙasa da milibolt 50 lafiya lau. In ka ga ta kai bolt ɗaya ko fiye, kada ka jona komai, koyil ɗin sifika, wato naɗin wayar da ke cikinta, za ta gasa maka.

Daga Hotoro:
Wanda ya fi ba mutane mamaki: ƙaramar amfilifaya ma tana ƙona tuwita, wato ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti. Idan ka murɗa ta har sauti ya fara kakkarcewa, ta wuce iyakarta ke nan, kuma wannan dattin sautin kan tuwita yake faɗawa. Da ka ji shi, rage. Lambar wat ta PMPO da ake bugawa ɓaro-ɓaro a kwali kuwa talla ce, ta RMS za ka duba, ita ke nuna ainihin ƙarfin amfilifaya.

Daga Tarauni:
Allah ya ƙara wa Baba, ɗaya daga cikin manyan nan, lafiya, shi ya raba mu da feshe maɓallin murya da man injin ɗinki. Ƙarar "ƙarr-ƙarr" da ake ji lokacin hunturu ƙura ce a ciki, mai kuwa ƙara tara ta yake yi. Zare wuta, fesa ruwan wanke lantarki ta ƙaramar kafar da ke bayan maɓallin, murɗa shi gaba da baya kamar sau 20, ka bari ya bushe. Da bazara kuma, zafin Kano na haura digiri 40, kada a ɗora dikoda ko mayafi a kan ramukan iska. A bar akalla taƙi ɗaya a sama.

Daga Sharaɗa:
Manya, ga tambaya. Sifikoki sababbi, amma bas ba ƙarfi, kuma amfilifaya na gurnani idan an koma inbata.

Daga Ƙofar Nasarawa:
Ɗana, abu biyu ne daban. Na bas, wataƙila ka juya wayar sifika ɗaya, ɗaya na turawa ɗaya na ja, suna cinye juna. Zare wayoyin daga amfilifaya, ka taɓa su a batirin rediyo na bolt 1.5, ja a kan mai alamar tarawa, taɓawa ɗaya kawai. Ya kamata fatar wufa, wato babbar sifikar bas, ta leƙo waje a duka biyun. Wadda ta shige ciki, ita aka juya.

Gurnanin kuwa, sa kunne a jikin akwatin amfilifayar. In daga taransifoma yake fitowa kuma yana ɗaukewa da an kawo wuta, inbatarka ba mai tsabtatacciyar wuta ba ce, sai ka nemi wadda aka rubuta pure sine wave a jikinta. In daga sifika yake, zare wayoyin shiga ɗaya bayan ɗaya, ka fara da ta dikoda, don wayar dish ce ta fi kawo shi. Gwada ka faɗa mana wanne ne.