Taƙaitawa: lambobin cajin kuɗi da rubutun fayil wajen sabunta magani a Amurka

Ga abin da aka tsayar a wata tattaunawa kan lambobin da likita ke sawa a takardar neman biyan kuɗi da abin da yake rubutawa a fayil ɗin majiyyaci in an sabunta magani, da inda ra'ayi ya rabu.

1. An yarda cewa Z76.0 a tsarin ICD-10 (tsarin lambobin cututtuka) ita ce lambar sake rubuta takardar magani. Sai dai in likita ya duba cutar, lambar cutar ce kan gaba: I10 ga hawan jini, E11.9 ga ciwon suga nau'i na biyu. Mai ciwon sugan da ya daɗe kan insulin, a ƙara masa Z79.4.

2. In ta waya aka nemi sabuntawa, likita ya sa hannu bai duba majiyyaci ba, ba a cajin kuɗin ganin likita.

3. Fayil ya ƙunshi sunan magani, ƙarfinsa, sau nawa ake sha, yawan ƙwayoyi, da sau nawa za a sake karɓa. Abin da aka fi nanatawa shi ne dalili. Rubuta "a ci gaba da magani" kawai kan sa inshora ta ƙi biya; a nuna awon jini, halin da cutar take ciki, da ko maganin na kawo matsala.

4. An rabu kan 99213 da 99214, lambobin cajin kuɗin ganin likita; 99214 ce mafi girman mataki. Wasu sun ce yanke shawara kan magani ya isa 99214. Mafi yawa sun ce ƙa'idar 2021 na neman biyu cikin sharuɗɗa uku (cutukan da aka duba, bayanan da aka bincika, da haɗarin jinya): cuta ɗaya mai daɗewa da ta lafa 99213 ce, cutuka biyu su ke kai wa 99214. Matsayin masu rinjayen ya fi ƙarfin hujja.

5. Magungunan rukuni na II a jerin waɗanda doka ta tsaurara, irin su oxycodone, ba a sabunta su. Kowane karo sabuwar takarda.