Bwat ne ya mutu, ko injin ne ke ruɗa shi?

Mai Camry: Assalamu alaikum. Ina da Camry 1994, otomatik, injin 2.2. Tun da hunturu ya shigo ralanti, wato juyin injin in ba a taka totur ba, ya ƙi sauka, allurarsa na tsaye wajen 1400 ko mota ta jima tana aiki. In na sa D sai ta zabura. A hanya injin sai ya yi ta kuka kafin giya ta canza, ta huɗu kuwa daga Maradi har Tibiri ba ta shiga. Wani mai gyara ya ce bwat, wato akwatin giya, ya gama aiki, in nemi wani. Kuɗin ba kaɗan ba ne. Me kuka gani?

Direban layin Dakoro: Wa alaikumus salam. Alhaji, gaskiya ya faɗa maka. Motar da ta haura shekara 30, ta sha rairayi da lodi da zafin ƙasar nan, me ya rage a bwat ɗinta? Jinkirin canza giya shi ne alamar farko. Gara ka canza tun ba ta ajiye ka a daji ba.

Baba makanike: Ɗana direba, amsa mini abu guda. Ta yaya lalataccen bwat zai ɗaga ralanti alhali mota na tsaye a P? Ba ruwansa da wannan. Ciwo biyu sun zo tare, to a nemi abin da ya haɗa su. A wannan Camry kwamfuta ce ke ba da umarnin canza giya, kuma tana duba gudun mota, da yadda aka taka totur, da zafin ruwan injin. Biyu na ƙarshe su ne kuma ke da hannu a ralanti. Alhaji, allurar zafi ina take tsayawa?

Mai Camry: Can ƙasa, Baba. Da ƙyar take ɗagawa. Na ɗauka alheri ne.

Baba makanike: Ba alheri ba ne. Ina kyautata zaton an cire maka tarmosta, wataƙila ma an haɗa fanka kai tsaye tana juyawa tun daga tayar da mota. Tarmostan injin nan yana fara buɗewa wajen digiri 82, aikinsa ya tsare ruwa har injin ya ɗumama. In babu shi, da sanyin safiyar Janairu ruwa ba ya zafi. Kwamfuta na ganin injin bai farka ba, sai ta riƙe ralanti sama, ta ƙara mai, kuma da gangan Toyota ta sa ta hana giya ta huɗu shiga sai ruwa ya kai wajen digiri 60. Injin da ya ɗumama daidai ralantinsa wajen 750 ne.

Direban layin Dakoro: Baba, da girmanka, nan kam ban yarda ba. Tarmosta na ƙasar Turawa ne masu ƙanƙara. Mu da Afrilu ke wuce digiri 40? Duk motar da ta sauka daga Kotono cire shi ake yi, kuma muna ta aiki da su lafiya.

Baba makanike: Ana yi, ban musa ba, kuma abin na ci mini rai ƙwarai. Tarmosta mai lafiya in zafi ya yi buɗewa yake gaba ɗaya, ba ya hana ruwa wucewa. Abin da ke sa motocinmu tafasa shi ne lagireto da ruwan rijiya ya toshe da tsatsa, ko fanka da ta mutu, ko murfin da ba ya riƙe iska. Maimakon a wanke lagireto sai a fizge tarmosta a jefar, mai mota ya tafi yana murna. Bayan nan yana ta sayen mai fiye da ƙima, buji na baƙi, man da bai ƙone ba yana wanke jikin silinda yana gangarawa cikin baƙin mai. Talaka ne ke biya, bai kuma san dalili ba.

Mai lantarkin mota: Baba ya yi gaskiya, sai dai ni ban tsaya kan tarmosta kaɗai ba. Alhaji ya ce har ƙananan giyoyi na jinkiri. Wannan ya fi kama da na'urar da ke jikin maƙogwaron totur, mai gaya wa kwamfuta yawan takawa. In ta goce ko ta cinye, kwamfuta na zaton ƙafa na kan totur, sai ta ja giya kamar mai shirin wuce babbar mota. Na'urar zafin ruwa ma kan yi ƙarya ko da tarmosta na nan. Motar nan ba ta buƙatar kwamfutar gwaji: a ƙaramin akwatin gwaji da ke kusa da injin a haɗa ramukan da aka rubuta wa TE1 da E1 da guntun waya, a buɗe makulli ba tare da tayarwa ba, a ƙirga ƙiftawar fitilar injin. Lamba 22 matsalar na'urar zafin ruwa ce, 41 ta totur, 42 ta gudu.

Mai kayan gyara: Ni bwat nake sayarwa, amma tsakani da Allah a fara zaro sandar mansa, mota a kunne, a fili mai daidai. In ja ne garau, da sauran magana. In ya yi baƙi yana ƙauri, to direba ke da gaskiya.

Baba makanike: Haka ne. A kuma bi tiyoyin iska ɗaya bayan ɗaya, roba ce, zafi na fasa ta. A duba wayar totur ko ta ɗaure, a wanke bawul ɗin ralanti, ƙurar hunturu na cika shi.

Direban layin Dakoro: Duk na ji. Amma na sha ganin an yi ta waɗannan ƴan dube-dube, a ƙarshe dai bwat aka sauke.

Mai lantarkin mota: Yaya, bwat mai mutuwa zamewa yake: ka taka, injin ya yi sama, mota ba ta ja. Alhaji bai ce tana zamewa ba.

Mai Camry: Ba ta zamewa. Ga abin da muka samu yau. Man bwat ja ne, ba ƙauri. An buɗe gidan tarmosta, wayam. An sa sabo, an mai da fanka kan na'urarta. Na bi hanyar Madarunfa, allurar zafi ta hau tsakiya, ta huɗu ta shiga. Sai dai ralanti ya tsaya wajen 1000, kuma daga ta biyu zuwa ta uku har yanzu tana ja.

Direban layin Dakoro: To kun gani. Wannan jan da ya rage na bwat ne.

Baba makanike: Da saura, ɗana, tunda ralanti ma bai koma daidai ba. Alhaji, kun haɗa wayar nan kun ƙirga?

Mai Camry: Ba mu kai ga nan ba, Baba, magariba ta yi.

Mai lantarkin mota: Kawo ta gobe da safe in Allah ya kai mu, kafin a taɓa komai. Kada kowa ya cire kan batir, lambobin gogewa suke. Mu ƙirga fitila, sannan in sa mita a na'urar totur mu gani ko tana nuna a rufe take in an ɗaga ƙafa.