Taron masu koyon haɗa manhajar waya a Jos: yaya za a yi kowa ya koma gida da abin da ya gina?

Bilkisu_Gangare ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai ɗan taron da muke shiryawa a nan Jos na masu koyon haɗa manhajar waya, mutum kamar 25, akasarinsu ɗaliban Jami'ar Jos da 'yan shirin 3MTT na gwamnatin tarayya mai koyar da fasahar kwamfuta. Kowa ya ɗan taɓa rubuta kod, amma babu wanda ya taɓa fitar da manhaja cikakkiya. Ba irin taron da za a zo a sha jawabi a ɗauki hoto a watse muke so ba. Burinmu kafin la'asar kowa ya ga abin da ya rubuta yana aiki a wayarsa. To yayyenmu da suka san harkar, Flutter (kayan Google na gina manhaja) za mu ɗauka ko Kotlin (yaren rubuta manhajar Android)? Me ya kamata a tanada kafin ranar? Kuma zai yiwu a kai manhajar Play Store a ranar, ko mafarki nake?

Injiniya_Sabo ya amsa:

Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya yi wa wannan niyya albarka. Ki ajiye maganar Flutter da Kotlin tukuna, don ba su ke kashe irin wannan taro ba. Saukar da kayan aiki ke kashe shi. Android Studio, manhajar kwamfuta da ake gina manhajar Android da ita, kaɗai ya haura giga 1, Flutter ma wajen haka, ga Android SDK (kayan ginin Android), ga abin da Gradle, mai harhaɗa kod ya zama manhaja, zai jawo a ginin farko. Ki ƙiyasta giga 5 zuwa 6 a kowace kwamfuta kafin ta nuna ko da farin shafi a waya. Sau 25, kin doshi giga 150. Idan kowa zai sauke nasa a ɗakin taro, za a kira azahar ana kallon layin saukewa yana jan ciki.

Saboda haka ku raba shi Asabar biyu. Ta farko ta girka kaya ce kawai, awa uku ta isa. Kafin ranar, mutum ɗaya mai intanet mai kyau ya girka komai a kwamfutarsa, ya gina manhajar gwaji har ta tashi a waya. Sannan ya kwashe Android Studio da Flutter da SDK, ya haɗa da abubuwa biyu da kowa ke mantawa: foldar .gradle da ke cikin foldar mai kwamfuta, da ma'ajiyar pub inda Flutter ke tara fakitoci. Ya dunƙule su a zip, domin dubban ƙananan fayiloli sun fi babban fayil ɗaya cin lokaci wajen kwafa. Filas huɗu masu giga 32 sun wadatar, amma a mai da su exFAT, don FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce giga 4. Kowa ya zuba kayan a gurbinsu, sai umarnin flutter pub get --offline ya ɗauko fakitoci daga ma'ajiyar ba tare da data ba. Sharaɗin kawai shi ne sigar Flutter ta zama ɗaya a wajen kowa. Wanda ya zo da tasa sigar daban, Gradle zai koma neman intanet, shi ne za ki ga an taru a kansa.

A Windows kada a saka Flutter a Program Files, a saka shi a C:\flutter, a kuma guji folda mai tazara a sunanta. Babu wanda zai tashi ranar sai flutter doctor ya nuna masa ɓangaren Android lafiya, ya kuma amince da lasisi ta flutter doctor --android-licenses.

Emuleta kuwa, wato wayar kwaikwayo da ke aiki a cikin kwamfuta, ku manta da ita. Android Studio da kansa ram mai giga 8 yake nema, emuleta ta zo ta ƙara nata nauyin, kuma sai an kunna VT-x ko AMD-V a BIOS, saitin da wasu laftof 'yan gwanjo ke zuwa da shi a kashe. Mai ram 4 ya yi aiki da VS Code, manhajar rubuta kod mara nauyi, da wayarsa ta hannu. A shiga saitin waya, a danna lambar gini sau bakwai, zaɓin masu gina manhaja zai fito, a kunna USB debugging. Idan an jona waya kwamfuta ba ta gan ta ba, kebul za a fara zargi: da yawa daga na kasuwa na caji ne zalla, babu wayoyin ɗaukar bayanai a cikinsu. Ku sayi masu kyau biyar ku ajiye, uku Type-C biyu micro. Mai Android 11 zuwa sama zai iya haɗawa ta Wi-Fi.

Wuta: cajar laftof tana jan wat 45 zuwa 65. Mutum 25 sun kai wat 1,600, firojekta ya ƙara wajen 300. Ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba, ku nemi mai kVA 3.5 da ekstenshon shida, kowanne daga soket ɗin bango, ba a jona wani a bayan wani ba. Ku tuntuɓi cibiyar fasaha ta nHub ko 'yan GDG Jos (ƙungiyar masu gina manhaja da kayan Google) kan wuri da masu taimakawa. Mai koyarwa ɗaya ba ya isar mutum 25, a samu mai zagayawa ɗaya ga kowane mutum biyar. Asabar ta fi, tunda Juma'a da Lahadi kowacce da masu ita. A fara ƙarfe 9, a tsaya sallah da abinci, a tashi ƙarfe 4 don 'yan Bukuru su samu keke da wuri, balle da damina da ruwan Jos ba ya sallama.

Pam_Rayfield ya amsa:

Injiniya ya gama da maganar shiri. Ni kan zaɓi zan tsaya, kuma Flutter nake ba ku shawara, ba don ya fi Kotlin ba. Wanda ke neman aikin Android na dindindin dole wata rana ya koyi Kotlin, tun 2019 Google ya sa shi gaba. Amma a taron yini ɗaya, abin da ke riƙe mai koyo shi ne ya canza launi ya gani a wayarsa nan take, kuma Flutter yana yin haka cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ba tare da an sake ginin manhajar ba. Wanda laftof ɗinsa ya ƙi ci ya ƙi sha zai iya bin wani ɓangare na darasin a DartPad, shafin gwada kod ɗin Flutter, ta burauza.

Malama Bilkisu, don Allah kada ku gina kalkuleta ko manhajar yanayi. Ku ɗauki abin da ke gabanmu: littafin bashi na mai sayar da dankali ko tumatir a kasuwar Farin Gada. Shafi uku kacal. Jerin masu bashi, shafin shigar da sabon bashi (suna, buhu ko kwando nawa, farashi, rana), da shafin da ke nuna an biya nawa saura nawa. A adana komai a cikin wayar da SQLite, teburin adana bayanai na cikin waya, ta fakitin sqflite. Babu rajista, babu sabar (kwamfutar intanet mai riƙe bayanai). Ɗan kasuwa ba zai sayi data don ya duba wa yake bi kuɗi ba.

Ga inda ake tuntuɓe. Kuɗi kada a ajiye su a matsayin double, wato lamba mai ɗigo, domin kwamfuta ba ta riƙe ɗigon lissafi daidai, 0.1 da 0.2 ba sa ba ta 0.3 cif. A ajiye su lamba cikakkiya, a kobo, sai wajen nunawa a raba da 100.

Sai haruffanmu masu ƙugiya, wanda babu darasin YouTube da zai gaya muku. Mai shago ya rubuta Ɗanjuma yau, gobe ya nemi danjuma, manhaja ta ce babu. Dalili biyu ne: ɗ da d haruffa ne daban a wajen kwamfuta, kuma umarnin bincike na LIKE na SQLite haruffan Ingilishi kaɗai yake daidaita manya da ƙanana, bai san Ɗ da ɗ abu ɗaya ba ne. Maganin shi ne a ƙara gurbi na biyu na suna a teburin SQLite, inda ake ajiye sunan da ƙananan haruffa, an mai da ƙ zuwa k, ɗ zuwa d, ɓ zuwa b. Da shi ake bincike da jerawa, na asalin kuma shi ake nunawa. In ba haka ba Ƙasimu zai faɗa can ƙasan jeri bayan Zakari. A duba ma font ɗin da aka zaɓa yana da waɗannan haruffa, don wasu akwati suke nunawa, wasu kuma su aro harafin daga wani font ya fito kamar baƙo a tsakiyar kalma.

Kuma a gwada a Tecno da Infinix da itel, su ne a aljihun mutanenmu. Tsarin tanadin batirinsu yana kashe manhajar da ke aiki a bayan fage, don haka tunatarwar biyan bashi za ta iya ƙin fitowa sai an ba manhajar izini a saitin batiri. Daga Android 13 ma sai an nemi izinin sanarwa daga mai waya. Wajen fitar da fayil na rabawa, flutter build apk --split-per-abi zai ba ku ƙananan APK (fayil ɗin girka manhaja), ɗaya ga kowane nau'in ƙwaƙwalwar waya, maimakon ƙato ɗaya. Yawancin wayoyi arm64-v8a suke ci, amma ƙananan masu Android Go (Android mara nauyi) da dama armeabi-v7a ne, shi ya sa wani zai ce manhaja ta ƙi shiga wayarsa.

Malama_Hadiza_Dev ta amsa:

'Yar'uwa, Play Store a ranar ba zai yiwu ba, kuma ba laifin kowa ba ne, ƙa'ida ce. Buɗe asusu dala 25 ne sau ɗaya, da tantance shaidar mutum. Asusun ɗaiɗaikun mutane da aka buɗe bayan 13 ga Nuwamban 2023 ba sa iya sakin manhaja ga jama'a sai an yi rufaffen gwaji. Da farko mutum 20 ake nema, daga baya aka rage zuwa 12, kuma dole su zauna a cikin gwajin kwana 14 a jere. A nan ne taronku zai yi rana. Mai koyo shi kaɗai a ɗaki yakan sha wahala kafin ya tara mutum 12 da za su girka manhajarsa su riƙa buɗewa, ku kuwa kuna da 25 a ɗaki ɗaya. Ku tattara adireshin Gmail na kowa ku buɗe Google Group ɗaya, duk mai manhaja ya saka adireshin rukunin a jerin masu gwaji. Ku sa fiye da 12 don wani zai canza waya ko ya fice.

Kafin lodawa, a canza sunan fakiti daga com.example, Play ba ya karɓarsa, kuma wanda aka fara lodawa da shi ba ya canzuwa har abada. Nau'in fayil na AAB ake lodawa ba APK ba, tun Agustan 2021. Fayil ɗin makullin sa hannu da kalmar sirrinsa a ajiye su wuri biyu, kuma kada su kuskura su hau GitHub. Kowace sabuwar lodawa sai an ƙara lambar da ke bayan alamar + a pubspec.yaml. Akwai fom ɗin bayyana irin bayanan da manhaja ke tarawa da shafin manufar sirri, tunda littafin bashi sunayen mutane yake riƙewa, ga kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023.

Ina da ɗan ja da Pam a kan sabar. Gaskiya ne a ranar farko ba a buƙatarta, amma wayar ɗan kasuwa tana faɗuwa, ana sacewa, bashin mutane ya tafi da ita. A taro na uku ku ƙara ajiya a Firestore, wurin adana bayanai na Google a intanet. Tsarin kyauta yana ba da karatu 50,000 da rubutu 20,000 a rana, ya ishe ku nesa ba kusa ba. Ranar da kuka ƙara wani abu mai shiga intanet ku tuna da izinin INTERNET a babban AndroidManifest.xml. Flutter yana saka shi da kansa a sigar gwaji kawai, sai manhaja ta yi aiki lafiya a hannun mai gini, ta fita ta yi shiru.

Bilkisu_Gangare ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai yayyena, Allah ya ƙara ilimi. Mun tsaya a kan Asabar biyu da littafin bashi. Saura abu ɗaya: ta yaya mai koyarwa zai nuna allon wayarsa a firojekta, tunda mun yar da emuleta?

Injiniya_Sabo ya amsa:

Da scrcpy, kyauta ne kuma ba shi da nauyi, ta kebul ɗin nan dai yake aiki. Ki sa shi a filas ɗin tare da sauran. Mai koyarwa ya kashe sanarwar WhatsApp kafin ya jona, kada saƙon gida ya fito a bango gaban mutum 25. Ya ƙara girman rubutun VS Code zuwa 20 don na baya su gani, kuma ku zo da adaftar HDMI zuwa VGA, domin firojektan haya da yawa tsofaffi ne.