Ina so in saƙa rigar madugu irin ta zamanin fataucin Gwanja, a ba ni shawara

Malamin Tarihi:
Assalamu alaikum jama'a. Ni malamin tarihi ne a wata sakandare a Kano. Saƙa ba gadonmu ba ce, sha'awa ce kawai. Wani dattijo a wajen Minjibir ya koya mini zama a masaƙa, yanzu na kafa tawa a zaure, ina taɓawa ranakun hutu. Abin da hannuna ya iya zuwa yanzu fari ne, sai ɗan ratsi.

Ɗalibaina za su yi wasan kwaikwayo a kan ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, sayen goro, wajen 1850. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, duk wasan da aka ce na zamanin da ne, sai ka ga madugu ya fito cikin shadda da aikin keke, an naɗa masa rawanin yadin kanti. Alhali lokacin da Barth, Baturen Jamus matafiyi wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, cewa ya yi babban cinikin garin tufafin da ake saƙawa ana rinawa a ƙasar ne, kuma ana kai su har Timbuktu da Gat da Murzuk da Tarabulus. Garin da yake tufatar da wasu, bai kamata mu nuna wa yara kakanninsa cikin kayan aro ba.

Riga ɗaya tak nake so in yi, amma ta gaskiya, tun daga zare. Saƙi zan yi ko kore? Zaren kanti zai wadatar, ko dole sai na kaɗin hannu? Sannan wane aikin allura ya dace a gaban rigar madugu, zanen aska biyu ko na aska takwas?

Ɗan Masaƙa:
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya saka maka da wannan niyya. Mu a gidanmu an haife mu ana jin ƙarar ƙoshiya.

Ka yi saƙi. Kore fari ne ake saƙawa, a ɗinka, sannan a kai marina a yi ta tsomawa har ya yi baƙi, a kai mabuga a buga shi da shuni. Rabin aikin ba a hannunka yake ba ke nan. Saƙi kuwa zaren ake fara rinawa, kai ne za ka jera baƙi da ɗan siririn fari a wadari, wato zaren da ake ja a tsawo, ka sake maimaita haka a ƙoshiya, har zanen nan na jikin zabuwa ya fito. Ka kai zarenka Ƙofar Mata ka ce da baba kake so, ba garin rini na kwali ba, kuma ka rina shi duka a lokaci guda. In ka raba shi biyu, za ka ga rigar ta fito da launi biyu.

Abu mafi muhimmanci, kada ka faɗaɗa ƙwaryar, wato siririn ƙyallen da masaƙa ke fitarwa, don ka gama da wuri. Yatsu uku, iyaka huɗu. Yawan ƙwarya shi ne darajar riga a da, shi ne kuma ke sa ta zuba a kafaɗa yadda yadin kanti ba zai taɓa yi ba. Ka ja wadari mai tsawo, ka saƙa a jere, daga baya ka yanka daidai tsayin riga. Kuma nauyin dutsen da ke kan kunkuru, wato katakon da ke jan wadari, kada ya canza, don in yau ya ja sosai gobe ya saki, wajen haɗi bakin ƙwarya zai tattare.

Batun zare, shawarata ka sa na kanti a wadari, na hannu a ƙoshiya. Sabon hannu da zaren kaɗi a wadari, tsinkewa zai yi ta yi maka.

Inna Mai Mazari:
Ɗana Ɗan Masaƙa, a nan kam ban bi ka ba. To da can da wane zaren kantin aka yi wadari? Zare iri biyu mata suke kaɗawa. Akwai siriri mai murɗi sosai, shi ne na wadari, akwai abawa mai kauri da taushi, ita ce ta ƙoshiya. Wanda ke tsinkewa zaren da aka yi wa kaɗin gaggawa ne.

Malam, ka shiga ƙauye bayan kaka, in auduga ta shigo gida. Har yanzu akwai tsofaffin da mazarinsu ke cikin lefe. Ka gaya musu na wadari kake so, ka ba su lokaci. Ka tsaya ka ga yadda ake yi ma, don ka faɗa wa ɗalibanka: a gurje audugar a kan magurji a fitar da angurya, a shiɓe ta har ta tashi, a naɗa sutu, wato dunƙulen audugar da za a kaɗa, sannan mace ta zauna tana shafa alli a yatsu tana murza mazari. Zaren riga guda aikin watanni ne. Saboda haka in sun faɗi kuɗi kada ka taya, don Allah. Wannan kaɗin da shi iyayenmu suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki.

In akwai mata a wasan, zanensu ba lallai ya zama na ƙwarya ba. Masaƙar mata a tsaye take jikin bango, tana fitar da mai faɗi, biyu ko uku ake haɗawa zane ya tashi.

Maɗinkin Zazzau:
Malam, ni kan aiki zan yi magana. Aska takwas ta yi wa rigarka ta farko nauyi, kuma ba ta hanya ba ce. Mutumin da zai yi watanni a kan doki, ya ƙetare Kwara, ya kwana a zango, ba zai sa ta ba sai ranar da zai gaida sarkin gari ko ya shiga kasuwar Salaga, can Gwanja. Aska biyu ta ishe shi girma. Kuma kada ka tufatar da kowa kamar madugu. Jagaba da uban dawaki, mataimakan madugu, riga ba aiki, masu kora jakuna da 'yan ɗauko taguwa ko ɗan bante da warki. A nan yara za su gane waye wane tun kafin a buɗe baki.

Zaren aikin, in ka samu tsamiya, wato silikin gida, ita ce ta asali. Launinta ƙasa-ƙasa ne, ba ta ƙyalli, a kan saƙi kuwa tana zama daram. Ka tambaya a Kasuwar Kurmi, amma ka taɓa da hannu, don akwai audugar da aka rina ake kira tsamiya. Zanen kuma da alƙalami da tawada malamai ke fitar da shi a kan aljihu, kafin mai allura ya bi. Aljihun a gefe ake aikinsa, sai an gama a ɗora.

Haɗin ƙwarya da hannu za ka yi, baki da baki, ƙananan ɗinki, ba ɗaya a kan ɗaya ba. Keke ko layi ɗaya ya shiga, daga nesa za a gani. Kar ka manta da shafi ta ciki a gindin rigar. Masu hali da alharini ja suke yi, wanda ake kawowa ta Sahara, don in an naɗe hannun riga a kafaɗa ya leƙo.

Ba'damagare:
Rawani fa, Malam? Ka nemi ɗan Kura, baƙin rawanin nan mai shuni na garin Kura. Mu nan Damagaram har yau Buzaye na sayensa da tsada, ƙwaryarsa ba ta fi faɗin yatsa ba. Sai dai ka gargaɗi yaron da zai naɗa, shuni zai kama masa goshi da wuya, kuma ba a wanke shi. A naɗe a takarda ake ajiyewa.

Malamin Tarihi:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na tsaya a kan saƙi da aska biyu. Inna, maganarki ta shige ni, zan nemi zaren kaɗi har na wadarin, ko da wasan bana zai wuce rigar ba ta kammala ba. Wasan ana yinsa duk shekara. Zan fara shiga Gidan Makama in duba tsofaffin tufafin da ke can da idon mai ɗinki. Ɗan Masaƙa, tambaya ɗaya ta rage: mene ne maganin tsinkewar?

Ɗan Masaƙa:
Tunda Inna ta yi magana, na bi. Ka jiƙa zaren wadarin da ƙullun gero ko ruwan tuwo mai ɗan kauri, ka shanya a inuwa ya bushe sarai kafin ka zura a allira, igiyoyin da ke ɗaga wadari. Kuma ka fi zama da sassafe, kafin iskar hunturu ta busar da shi.